Kafin Ka Sayi Sabon Turbo, Nemi Abin Da Ya Kashe Tsohon

Daga Wakilinmu Na Arewa

Wani ɗan'uwana da ke jigilar albasa da a-kori-kura a Mile 12 ta Ikko ya sayi turbo har sau biyu cikin wata uku. Na farko ya mutu, makaniki ya ɗaura masa wani, shi ma bai yi mako shida ba ya bi sahu. Sai a karo na uku aka gano cewa siririn bututun da ke kai wa turbo baƙin mai ne ya toshe. Kuɗin da ya tara don zuwa gida da Sallah duk a nan suka ƙare. Abin da ya sa na ga ya dace mu tattauna wannan al'amari ke nan.

Shi dai turbo farfela biyu ne a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta zuƙo iska ta cusa wa inji, domin gas ya ƙone sosai mota ta sami ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Sandar nan takan juya fiye da sau 100,000 a minti guda, kuma ba abin da ke raba ta da gugar ƙarfe sai ɗan baƙin man da ke gudana a jikinta. Injinan Toyota Hilux irin su 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 duk suna da turbo, amma 5L ba shi da shi.

Alamun ciwon ba ɓoyayyu ba ne. Mota za ta rasa ƙarfi, musamman a hawa da kaya. Baƙin hayaƙi na nufin iska ba ta isa, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Za ka ji ƙara kamar jiniya in ka taka totur, kuma baƙin mai zai riƙa raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba.

To amma fa kada ka yi gaggawa. Waɗannan alamu ba turbo kaɗai ke kawo su ba. Fara da abin da ba ya cin kuɗi: duba matacin iska ko ya cika da ƙura, bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya tsage ko ɗaurinsa ya kwance, domin iska mai zurarewa ita ma tana fito tana kawo baƙin hayaƙi. Nozul da ya lalace yakan yi haka. In kuma ringi ya cinye, ko bututun numfashin inji ya toshe, lafiyayyen turbo ma sai ya riƙa zubar da mai.

In duk waɗannan lafiya, sai a kashe inji, a bari ya huce, a cire tiyon da ke bakin turbo, a kama sandar da yatsa. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi ba ne, muddin farfela ba ta taɓa bango. Amma in sandar tana shiga tana fita, ko ka ga gefen farfela ya karkarye, ko bango ya goge, to turbo ya gama aiki.

Akwai hatsari guda da ya kamata kowane direba ya sani. In turbo ya zubo mai da yawa cikin hanyar iska, injin gas yana iya kama shan baƙin mansa, ya yi ta gudu ko an zare makulli, har ya fashe. In haka ta faru, taka birki sosai, sa babbar giya, saki kuloci ya mutu, ko a toshe bakin iska da katako. Kada ka kuskura ka sa tafin hannu.

Wajen saye, ko a Ladipo ne ko Nnewi ko Ƙofar Ruwa ta Kano, tafi da lambar da ke jikin tsohon, don kama da wane ba ta wane. In tokumbo ne, gwada sandarsa da yatsa kafin ka biya.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a gareji da kanka. A cire kan batir, a jiƙa notinan salansa da mai don kada su karye. A sauya bututun da ke kawo mai, a wanke wanda ke mayar da shi. A sauke intakula, watau abin da ke sanyaya iskar, a wanke shi tas, domin mai da ɓarɓashin tsohuwar farfela a nan su ke maƙalewa. A yi juye, a sa sabon matacin mai da na iska da sababbin gasket. Kada a yarda a shafa gam a bakin bututun mai, don gutsurensa na toshe hanya. Kafin a ɗaura bututu, a tsiyaya sabon mai cikin turbo a juya sandar da hannu. In an tayar, a bar inji a silo na wasu mintuna ba taka totur, ana duba ko akwai ɗigo.

Daga nan sauran aiki na direba ne. Da safe ka ba inji ɗan lokaci mai ya zagaya kafin ka taka. In ka sha doguwar tafiya, kamar daga Ikko zuwa Ilori, bar shi a silo minti biyu ko uku kafin ka kashe, domin in an kashe da zafi, man da ke cikin turbo yakan ƙone ya zama gawayi, gawayin nan ne ya toshe bututun ɗan'uwana. Masu zuwa gida da hunturu kuma su riƙa duba matacin iska a kai a kai, don ƙura na cin farfela.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema, amin.