Ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga: abin da ya kamata Ba'adare ya sani kafin ya zaɓa

Tun da tsoro ya kama hanyoyin arewacin Adar, wata tambaya ta shigo hirar ƴan kasuwa a Tawa wadda a da sai a fim ake jin irinta: wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu ya rufe da riga? Masu tambayar ba ɓata-gari ba ne. Akwai dillalin shanu da ke sammako zuwa Abalak ko Cintabaraden da miliyoyin sefa a jikinsa, akwai mai albasa da ya sauke kaya ya ɗauko kuɗi, akwai ɗan cin-rani da ya dawo daga Abijan ko Libiya da gumin shekaru a cikin jaka ɗaya. Wayar salula ma ta taimaka, don bidiyon Amurkawa masu gwada wannan bindiga da waccan ya cika ko'ina, kuma wadda suka fi yabawa ga sabon hannu ita ce libarba.

Libarba tsohuwar ƙira ce. Samuel Colt ya yi mata rajista a Amurka a 1836, kuma har yau tsarinta bai sauya sosai ba. A tsakiyarta akwai wata ganga mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashi ɗaya. Idan aka ja kunama, gangar ta juya ta kawo harsashi daidai bututu, guduma ta sauka, harbi ya tashi. Ba ta da kwanson harsashi da ake cusawa ta gindi kamar fistol ɗin ƴan sanda, ba ta da makullai da yawa da za a manta da su cikin firgita. Idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sai a sake jan kunama a wuce na gaba. Sauƙin da ake yabonta da shi ke nan. Farashin wannan sauƙi kuwa shi ne harsashinta kaɗan ne, sake cika ta na ɗaukar lokaci, kuma kunamarta na da tauri, tana bukatar ƙarfin yatsa da ya kai kilo 5 ko kusa da haka, abin da ke karkatar da bakin bindigar a hannun wanda bai saba ba.

Biyun da aka fi haɗawa a irin wannan gardama su ne Smith & Wesson 642 da Ruger SP101. Kowace na cin harsashi biyar, kowace bututunta gajere ne, tsakanin santimita 5 zuwa 6. Bambancin yana wajen nauyi. Ta farko jikinta na alminiyom ne, ba ta kai rabin kilo ba, kuma gudumarta a rufe take a ciki, don haka ba ta sarƙafewa da zane ko aljihu idan za a zaro ta. Jikar wata ƙira ce da kamfanin ya fitar a 1950 saboda ƴan sandan farin kaya. Ta biyu, wadda ta fito a 1989, ƙarfe ce zalla marar tsatsa, nauyinta ya haura gram 700, kuma akwai samfurinta da ke ɗaukar harsashin .357 Magnum mai ƙarfi, ban da .38 Special da ta farko ke ci.

Mai saye yakan ɗaga su biyun a hannu ya zaɓi marar nauyi, kuma nan ne ake yawan tafka kuskure. Duk harbi yana turo bindiga baya, nauyin ƙarfe ne ke shanye wannan turi. Marar nauyi daɗin ɗauka gare ta tun safe har dare, amma tana dukan tafin hannu da zafi, ta yadda mai ita yakan daina gwaji bayan harbi goma. Wanda ya daina gwaji kuwa ba ya iya saiti. Mai nauyin tana jan ɗamara ƙasa, tana nuna kanta a ƙarƙashin riga marar kauri, a zafin Afrilu kuma takan sa mutum ya bar ta a gida, sai dai ta fi biyayya a hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A ra'ayina, ga wanda bai taɓa harbi ba, mai nauyin ta fi, domin ita ce za ta bari ya koya. Ƙurar hunturu kuma ba ta bar ko ɗaya ba: yashi kaɗan a bayan ganga ya isa ya hana ta juyawa, gumi kuma na cin ƙananan ƙarafan ciki ko da jikin ba ya tsatsa.

Iyakar abin da za a faɗa a kan zaɓin ke nan, kuma duk amsa ce ga tambayar mutumin wata ƙasa. A Amurka, bisa ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey ta Janeba na 2017, fararen hula na riƙe da bindigogi kusan miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2022 kotun ƙolinsu ta yanke cewa ɗaukar ƙaramar bindiga a waje don kare kai haƙƙi ne da tsarin mulki ya bayar, kuma fiye da rabin jihohinsu ba sa neman wata takarda kafin mutum ya ɓoye bindiga a jiki. Can akwai shagon harsashi a gari, akwai filin gwaji, akwai maƙerin bindiga mai lasisi. Ƙiyasin nan dai ya ba Nijar bindigogi kusan 117,000 a hannun farar hula, wato ɗaya ga kowane mutum 200. Mai bidiyon da ke cewa zaɓi wannan ka bar waccan bai san akwai shingen jandarma tsakanin Tawa da Tabalak ba.

A Nijar riƙe bindiga ba haƙƙi ba ne, izini ne da hukuma ke bayarwa ko ta hana, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ce ke da wuƙa da nama. Tun 1963 akwai dokar da ta tsara shigo da makamai, da riƙe su, da sayar da su, kundin hukunta laifuka kuma ya tanadi ɗauri da tara ga wanda aka kama da makami ba takarda. Makamin yaƙi irin Kalashinkof ba ya cikin abin da farar hula zai nemi izininsa tun farko. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta fayyace sharuɗɗan da ake dubawa: shekarun mai nema, tsabtar tarihinsa a kotu, dalilin da ya sa yake bukatar makamin, shaidar cewa ya koyi sarrafa shi, da wurin ajiya mai tsaro, sannan a jira aƙalla kwana 21. Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma a Janairun 2025, amma ficewar ba ta soke dokar cikin gida ba. Izinin kuma na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lamba. Ba a aron sa, ba a gadon sa kamar gona, kuma ba ya ƙetare iyaka. Wannan ya shafi duk mai bin hanyar Birnin Ƙonni zuwa Illela ta Sakkwato: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, libarba da fistol na cikin haramtattun makamai da sai shugaban ƙasa ke ba da lasisinsu.

To a ce mutum ya sami takardar. Wa zai harba da ita? Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi da idon basira. An ƙera gajeriyar libarba ne don ɓarawo ɗaya a lungu, a tazarar taku biyar ko bakwai. Masu tare hanya a arewacin Adar ba haka suke zuwa ba. Suna zuwa ne a kan babura, bibbiyu, da Kalashinkof mai cin harsashi 30 da ke samun mutum daga mita 300. A ranar 21 ga Maris 2021 irin waɗannan mutane suka afka wa Intazayene da Bakorat da Wistane a yankin Tillia, gwamnati ta ce sun kashe mutum 137. A Oktoban 2016, da suka zo Abalak ɗaukar wani Ba'amurke ma'aikacin agaji, sai da suka kashe masu gadinsa biyu, ɗayansu jami'in tsaro ne. A Nuwamban 2021 kuma, a yankin Banibangu na jihar Tillaberi, magajin gari da kansa ya jagoranci ƴan sa-kai masu makamai, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu. Waɗannan duk sun fi mai harsashi biyar shiri.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Ɗan fashin da ya tare motar kasuwa yawanci kuɗi da waya yake so. Da zarar ya laluba ya ji ƙarfe a ƙugun fasinja, lissafi ya sauya: ya ɗauke shi jami'in tsaro ko ɗan leƙen asiri, kuma abin da zai biyo baya ba kan mai bindigar kaɗai zai tsaya ba, har da sauran ƴan motar da ba su san yana ɗauke da komai ba. Ga kuma ɗaya ɓangaren. An sa Tassara da Tillia ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a Maris 2017, kuma sojan da ke shinge a can ya rasa abokan aiki a harin Tazalit na 2016 da na Tabatol na 2023. Farar hular da aka samu da ɓoyayyen makami a irin wannan wuri, ko da takarda a aljihunsa, zai sha tambayoyi masu tsawo kafin a kai ga karanta ta. Wanda ba shi da takarda kuwa, ba lallai zarginsa ya tsaya a riƙe makami ba.

Sai maganar abin da ake sayarwa a ɓoye. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai sun kwararo daga Libiya, haƙar zinariyar Jado da ta ɓarke a 2014 kuma ta ƙara masu nema. Masu binciken makamai a Nijar sun tarar cewa da yawa daga ƙananan bindigogin da ke yawo asalinsu na ƙara ne kawai, ƙirar Turkiyya, waɗanda ba a yi su don harsashin gaske ba, wasu suka sauya su. Ƙarfensu bai da ƙwarin ɗaukar wannan aiki, suna iya tarwatsewa a hannun mai harbi. Wadda take ta gaske kuma ba ka san tarihinta ba. Lambar da ke jikinta na iya komawa ga rumbun soja da aka fasa ko ga wani kisa, kuma ranar da aka same ta a hannunka kai ne za ka amsa.

Mutane kan manta cewa bindiga ta fi daɗewa a gida fiye da a hanya. Gidajenmu kuwa cike suke da yara, naka da na maƙwabta da na ƴan'uwa, kuma babu ƙarƙashin katifa ko saman kabad da yaro bai sani ba. Sauƙin nan na libarba, wato ja kunama kawai, ba ya tambayar ko yatsan na wane ne. Amurkawa da kansu sun ga wannan: daga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a ƙasarsu a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Saɓanin miji da mata, rikicin gado, faɗan gona da makiyayi lokacin kaka, duk abubuwa ne da akan rabu da zagi ko sanda, sarki ko limami ya sasanta washegari. Harsashi ba ya barin abin sasantawa. Doka ma ba ta karɓar kare kai sai harin yana faruwa a lokacin, martanin kuma bai wuce girman harin ba. Wanda ya harbi ɓarawon akuya yana gudu, kisa ya yi. Duk wanda hukuma ta ba izini, wajibinsa ne ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe ba harsashi a ciki, harsashin kuma a wani wuri dabam, makullin a jikinsa.

Abin da ɗan kasuwa ke son karewa kuɗi ne, kuma kuɗi yanzu suna da hanyar tafiya ba tare da mai su ba. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana sun buɗe rassa har a ƙananan garuruwa. Ladan aika miliyan ɗaya bai kai kuɗin lauya ba. Dillalai da dama sun riga sun koma haka: a yi ciniki a kara, a biya a gishe, mutum ya hau mota da kuɗin mota kaɗai. Sauran dabarun tsofaffi ne, Adarawa sun san su tun zamanin fatake: tafiya cikin ayari, barin hanya kafin la'asar, tambayar direbobin tasha halin hanya kafin a tashi, da rufe baki game da ranar tafiya da abin da aka ɗauko, domin yawancin tarewar da ake yi wa mai kuɗi daga cikin kasuwa labarinsa ke fita.

Saura wanda bindiga ta riga ta shigo hannunsa, ko ya gada daga mahaifi, ko ya shigo da ita daga cin-rani, ko ya tsinta. Nijar na da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, wadda aka kafa a 1994 lokacin tawayen arewa. A ranar 25 ga Satumba 2000 an ƙona makamai fiye da 1,000 a bainar jama'a a Agadas, a bikin da aka kira Wutar Zaman Lafiya, kuma hukumar ta ci gaba da karɓar abin da mutane suka miƙa da kansu. Kada mai irin wannan bindiga ya sa ta a aljihu ya hau kabu-kabu zuwa ofishin jandarma, don idan aka tsayar da shi a hanya babu mai shaidar niyyarsa. Ya bar ta inda take, ya fara sanar da mai unguwa ko hakimi, su kuma su sanar da hukuma, a zo a ɗauka a gaban shaidu, a rubuta lambarta, a ba shi takardar karɓa ya adana.