Maganaɗisu a Kan Allo: Ribar Ɗaliban Fiziks da Asararsu

Wanda ya saba duba ayyukan kammala digiri na ɗaliban fiziks a Arewa zai lura cewa awo da hannu yana ja da baya, lissafi a kwamfuta yana cin kasuwa. Yaro daga Jega ko Maiyama da ya shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yana iya zana maganaɗisun na'urar tunkuɗa ƙwayoyin zarra a kwamfutarsa, ya ga yadda ƙarfinsa zai bazu, alhali bai taɓa ganin irin na'urar ba ko daga nesa.

Babban dalili shi ne rashin kayan aiki. Na'urar bincike irin wannan da aka sani a Najeriya tana Ile-Ife, ƙarama ce mai ƙarfin bolt miliyan 1.7. Abin da ke Zariya tun 2004 tukunyar nukiliya ce ta bincike, aikinta daban. Ga shi kuma manhajoji irin su FEMM kyauta ake sauke su, sai kuɗin data da wurin caji. Da babu gara ba daɗi.

Amma kada a raina aikin, domin ko a Turai da lissafi ake farawa. A cibiyar CERN kusa da Janeba akwai rami mai zagaye kilomita 27, cikinsa manyan maganaɗisu 1,232, kowanne tsawon mita 15, ana sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. Aikinsu su lanƙwasa hanyar ƙwayoyin furoton da ke gudu kusan saurin haske. Kuskuren da aka yarda da shi a ƙarfinsu bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma ba, don haka kafin a naɗa waya ko ɗaya sai mai lissafi ya gama nasa. Wanda ya iya wannan a Aliero ya samu tsanin neman gurbin karatu a waje, kuma mafi yawan masu hawa tsanin nan ba su cika saukowa ba, tunda babu inda za su yi aikin a gida.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta hannu. A Satumban 2008, kwana tara da kunna na'urar CERN, haɗin waya ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ya narke. Sai da aka fitar da maganaɗisu 53, aiki ya tsaya fiye da shekara. A kan allo haɗin nan lafiya lau yake. Ɗalibin da bai taɓa auna abin da ya lissafa ba, yaya zai san ranar da kwamfuta ta yi masa ƙarya?

Abin mamaki, masu hannun suna nan kusa. A kasuwar Jega na zauna wurin wani mai naɗin koyil, janareta a warware gabansa, yana ƙirga zagayen wayar jan ƙarfe da baki, yana sunsuna tsohuwar don ya gane ko ƙonewa ta yi. Na tambaye shi me ya sa zagayen ya zama adadin nan. Ya ce, "Malam, haka na tarar da shi, haka zan mayar." Amsar tana cikin kwamfutar ɗalibin, wanda shi kuma bai taɓa riƙe filaya ba. Tsakaninsu tafiyar mintoci ce a mota.

Kuma buƙatar ba ta Janeba kaɗai ba ce. Injin gashin ciwon daji ƙaramar na'urar tunkuɗa ce, manyan cikinsu da maganaɗisun lanƙwasa hanyar ƙwayoyin. Irinsu kaɗan ne a ƙasar nan, kuma idan ɗaya ya tsaya, majinyata kan yi makonni suna jiran injiniya, wasu su nufi Abuja ko Legas, wasu su koma gida.