Wa Ke Leƙa Bayan Kanta? Dokar 'Yan Sanda Da Haƙƙin Wanda Aka Tsare

A watan Satumba na shekarar 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan sabuwar Dokar 'Yan Sandan Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da aka gada daga Turawan mulkin mallaka tun 1943. Ba a cika wata guda ba matasa suka fantsama kan titunan Legas da Abuja da wasu biranen suna neman a rusa rundunar SARS, kuma a ranar 11 ga Oktoba aka sanar da rusa ta. Hayaniyar wannan zanga-zanga ta danne labarin dokar, har ta kai ga mutane da yawa ba su san cewa wasu abubuwan da suke kuka da su a caji ofis doka ta riga ta haramta su ba.

Na farko shi ne kama wani a madadin wani. An saba jin cewa an je neman matashi ba a same shi ba, sai aka tafi da mahaifinsa ko matarsa ko yayansa, aka ce ba za a sake shi ba sai mai laifin ya kawo kansa. Sashe na 36 na dokar 2020 ya hana wannan ƙarara, kamar yadda sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ya hana tun kafin nan. Musulmi ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan hukunci, domin ƙa'idar cewa ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani rai ta zo a Alƙur'ani a wurare da dama, ciki har da ƙarshen Suratul An'am.

Na biyu shi ne mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Wanda ke bin kuɗin buhun masara ko kuɗin haya yakan ga ya fi masa sauƙi ya kai ƙara wurin DPO a kulle masa mutum, maimakon ya nufi kotu. Dokokin biyu sun ce ba a kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai. A nan laifin ba na ɗan sanda kaɗai ba ne. Mai bashin da ya biya kuɗi aka tsare ɗan'uwansa shi ma yana da kamasho a cikin zaluncin.

Na uku shi ne tsawon tsarewa da azabtarwa. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuwa ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wanda ke hannunsa azaba, ko don ya amsa laifi ne.

To, idan dokokin nan suna nan a rubuce, me ya sa kukan bai ƙare ba? Amsar ita ce, abin da ke faruwa a bayan kanta babu mai gani sai wanda ya kulle da wanda aka kulle. Haƙƙin da ba shi da mai shaida, ƙwace shi ba wuya. Waɗanda suka tsara dokar 2015 sun fahimci haka, shi ya sa suka sanya sassa biyu da ya kamata kowane mai faɗa a ji a unguwa ya haddace su.

Sashe na 33 ya wajabta wa shugaban kowane caji ofis ya miƙa wa majistare mafi kusa rahoton duk waɗanda aka kama ba da sammaci ba, a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata, ko an ba da belinsu ko ba a bayar ba. Sashe na 34 kuma ya ɗora wa babban majistare ya taka da ƙafarsa ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Yana da ikon ya buƙaci littafin da ake rubuta waɗanda aka kama, ya ba da umarnin a gurfanar da wanda aka jinkirta, ya kuma ba da beli nan take idan laifin yana cikin huruminsa. Jami'in da ya ƙi ba da haɗin kai, dokar ta ɗauki hakan a matsayin saɓa ƙa'idar aiki. A 2018 Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Walter Onnoghen, ya umarci manyan alƙalan jihohi su tabbatar ana wannan ziyara. Jihohi ma sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, kamar Kaduna a 2017 da Kano a 2019.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta tarihin mulki a Musulunci. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya ware babi a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya a kan Wilayatul Mazalim, wato hukumar da ke sauraron koken talakawa a kan gwamnoni da ma'aikata da masu karɓar haraji, waɗanda alƙali na yau da kullum kan ji nauyin hukunta su. Hikimar ita ce, wanda aka ba sanda dole a sami wanda ke sama da shi da zai tambaye shi yadda ya yi da ita.

Akwai masu cewa a lokacin da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, maganar haƙƙin wanda ake tuhuma ɗaure wa jami'an tsaro hannu ne. Arewa tana da darasi mai ɗaci a kan wannan ra'ayi. A ƙarshen watan Yulin 2009 sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf ga 'yan sanda a Maiduguri yana raye, aka kashe shi ba tare da ya ga alƙali ba. Da an gurfanar da shi, da ƙasa ta ji daga bakinsa su wa ke tare da shi da inda kuɗi ke fitowa. Kisan ya zama hujjar da mabiyansa suka riƙa jawo matasa da ita, kuma abin da ya biyo baya kowa ya sani. Haka abin yake a ƙananan laifuffuka. Ɗan sanda ba ya gano ɓarawo sai da labarin da jama'a suka ba shi, kuma mutumin da ya san cewa kai rahoto na iya jawo masa kwana a bayan kanta da biyan kuɗin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne, shiru zai yi ko da ya ga komai.

Adalci kuma ya haɗa da shi kansa ɗan sandan. Wanda aka tura bincike babu man mota, babu takardar rubutu, yana kwana a barikin da rufinsa ke yoyo, an buɗe masa ƙofar karɓar na goro. An kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019 domin horo da kayan aiki, kuma haƙƙin jama'a ne su tambayi inda kuɗinsa ke tafiya. Haka nan muhawarar kafa 'yan sandan jihohi: dattawan da suka ga zamanin 'yan doka na En'e suna tuna yadda aka yi amfani da su a kan 'yan NEPU. Sauya wanda ke riƙe da rundunar ba zai wadatar ba matuƙar babu mai sa ido a kanta.

Abin da ya rage aiki ne da ba ya jiran gyaran tsarin mulki. Limamai da masu unguwanni da kwamitocin masallatai za su iya tambayar majistaren yankinsu yaushe rabonsa da caji ofis, su nemi reshen Ƙungiyar Lauyoyi na garinsu ya raka shi. Wanda aka kama masa ɗan'uwa a madadin wani yana iya kai koke ga Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe na rundunar, wanda aka kafa a 2015, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Mai bin bashi kuma ya nufi kotu ko zauren sulhu, ya bar caji ofis ga masu laifi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci, Ya kuma kare mu daga zaluntar juna.