Kwancin Kaza da Rainon 'Yan Tsaki a Gida

Da wuya ka shiga gida a ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama ba ka ga kaji suna tono a tsakar gida ba. Yawancinsu na mata ne da yara. Idan baƙo ya zo, kaza ake kamawa. Idan yaro ya kwanta ciwo, kaza ake kaiwa kasuwar Jega a samo kuɗin magani. Amma kukan masu kaji ɗaya ne. Kaza ta ƙyanƙyashe 10, kafin wata 2 saura 3 ko 4. Wani lokaci ma babu ko ɗaya.

Wannan asara tana da dalili, kuma ana iya rage ta ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Wace kaza ce ta dace?

Ba kowace kaza ke kwanci ba. Kajin gidan gona, waɗanda ake kira kajin Turawa, an zaɓe su ne don yawan ƙwai, ba su cika kwanci ba. Kazar Hausa ita ce gwana. Takan saka ƙwai 10 zuwa 15, sai ta daina, ta hau kwanci.

Za ku gane ta da sauƙi. Tana kwana a gurbi, ba ta hawa inda sauran kaji ke kwana. Idan kun kai hannu, sai ta buɗe gashi, ta yi gunaguni, ta kai sara. Gashin ƙirjinta yana zubewa, domin fatarta ta riƙa taɓa ƙwai. Ku bar ta kwana 2 ko 3 a kan ƙwai 2 tukuna. Idan ba ta tashi ba, da gaske take. Kazar da ta taɓa raino ta fi budurwar kaza, domin budurwa takan gaji a tsakiya ta gudu.

Zaɓen ƙwai

A nan mutane da yawa suke yin kuskure. Ƙwan da babu zakara a kansa ba ya zama tsako, ko da kaza ta shekara a kansa. Saboda haka ƙwan kiret da ake sayarwa wurin mai shayi ba na kwanci ba ne. Zakara 1 mai ƙarfi ya ishi kaji 10. Kuma yana da kyau ku riƙa musayar zakara da wani gida ko wani ƙauye kowace shekara, kada uba ya yi ta hawan 'ya'yansa, iri ya lalace.

Ku zaɓi ƙwai mai tsabta, matsakaici, marar tsaga. Kada ku wanke shi. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke hana ƙwayar cuta shiga, ruwa kuwa yana cire shi.

Ƙwan kwanci kada ya wuce kwana 7 da sakawa. A ƙasarmu wannan magana tana da nauyi, domin a watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce awo 40. Ƙwan da aka ajiye a ɗakin kwano cikin irin wannan zafi, tsakon yana fara tsiro, sannan ya mutu tun kaza ba ta hau ba. Ku ajiye ƙwai a cikin kasko mai yashi, kusa da randa, inda ke da sanyi. Tsinin ya dubi ƙasa. Wanda ya iya rubutu ya sa fensir ya rubuta ranar a jikin kowane ƙwai. Da haka za a san sabo, a san tsoho. Tsohon a dafa wa yara.

Kada ku yi haɗama. Ƙaramar kaza 8 zuwa 10 sun ishe ta, babba 12. Lokacin hunturu a rage 2. Idan ƙwai ya yi mata yawa, na gefe ya yi sanyi. Ita kuwa kullum juya su take yi, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya koma gefe. Ƙarshe duk su ɗanɗana sanyin, a tashi da baragurbi. Kuma a zuba mata su duka rana ɗaya, domin su fashe tare.

Gurbi

Tsohon kasko ko kwando ya isa. A zuba yashi a ƙasa, a barbaɗa toka, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa. Ganyen dogon yaro busasshe yana taimakawa wajen korar ƙuma da ƙwarƙwata. Waɗannan ƙwari su ne kan sa kaza ta tsere ta bar ƙwai, domin suna shan jininta dare da rana. Lokacin rani a ɗan jiƙa yashin ƙasan kafin a yi shimfiɗa, saboda iskarmu busasshiya ce, tsako yakan manne a jikin ɓawo.

A sa gurbin a wuri mai inuwa da ɗan duhu, nesa da murhu, inda kare da ɓera ba sa kai wa. Idan za ku canza mata wuri, ku yi da dare. Sauran kaji kada su samu hanyar shiga su ƙara mata ƙwai.

Kwana 21

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, wato mako 3 cif. Idan ta hau ranar Juma'a, ku ƙirga Juma'a 3. Ku rubuta ranar da gawayi a jikin bango.

Kaza mai kwanci takan sauka sau 1 a rana, ta ci, ta sha, ta yi birgima cikin ƙasa, ta koma. Kada a kore ta a ce ta bar ƙwai. Amma a ajiye mata hatsi da ruwa kusa, don kada ta yi nisa. Kaza tana ramewa sosai a wannan lokaci.

A kwana na 8 zuwa na 10, ku duba ƙwan da dare. Ku riƙe shi a bakin tocila cikin duhu. Mai rai za ku ga baƙin ɗigo da jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fes babu komai a ciki, a cire shi. Idan an bar shi yakan ruɓe, ya fashe, ya ɓata sauran. Ku yi aikin da sauri, ku mayar.

Daga kwana na 18 kada a ƙara taɓa komai. Idan tsako ya huda ɓawo, a bar shi ya fito da kansa. Yakan ɗauki yini guda. Yara suna son ɓare masa don tausayi, a hana su, domin jini zai fita ya mutu. Abin da bai fashe ba har kwana na 23, a kwashe a binne.

Mutanenmu sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabo da damina, domin zabuwa ba ta iya raino ba. Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, na agwagwar gida kuma 35. Kada a haɗa su da na kaza rana ɗaya. Da nata sun fashe za ta tashi ta bar sauran.

Mako 4 na farko

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa. To, a nan ne mafi yawan asara take. Uwa ta ja 'ya'yanta cikin raɓa da sassafe, ta kai su bola, ta kai su bayan gida. Shirwa ta ɗauki ɗaya, hankaka ya ɗauki ɗaya, wani ya faɗa kwata, wani sanyi ya kama shi.

Maganin wannan shi ne a tsare su. A samu babban akurki ko kwando marar gindi, a kife uwa da 'ya'yanta a ciki har mako 4, ko 6 in da hali. A riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kullum, a cikin inuwa. Da dare a shigar da su ɗaki, a rufe da buhu, a bar kafar iska. Aiki ne, amma shi ke bambanta mai tsaki 9 da mai tsaki 3.

Wanda ya tsare kaza, ciyarwa ta hau kansa. Ranar farko tsako ba ya jin yunwa, domin ya fito da sauran gwaiduwa a cikinsa. Ruwa ya fi buƙata. A zuba a faranti marar zurfi, a sa tsakuwa a ciki don kada ya nutse. A canza ruwan safe da yamma.

Daga nan a ba su ɓarzajjen gero ko dawa ko masara, ko gutsattsarin shinkafa. Amma hatsi kaɗai ba ya gina jiki. A makon farko a dafa ƙwai 1, a marmasa musu. A haɗa da tunkuza marar gishiri, da garin busasshen kifi, da yankakken ganyen zogale. Abin da ya yi fumfuna kada a ba su.

Gara kuwa nama ce ta kyauta. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma kusa da shuri, a rufe da buhu. Da sassafe a ɗauko a zazzage musu. A yi wannan nesa da rumbu da ɗakin kwana.

Akwai wata dabara ga mai kaji da yawa. A sa kaji 2 kwanci rana ɗaya. Idan sun ƙyanƙyashe, a tura 'ya'yan ɗaya ƙarƙashin ɗayar da dare, in dai za ta iya rufe su duka. Wadda aka raba da 'ya'ya za ta huta, ta koma saka ƙwai da wuri.

Annobar hunturu

Duk wannan wahala tana iya tafiya cikin mako 1 idan annobar kaji ta shigo. Likitoci suna kiran ta Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda ta ɓulla a 1926. Ta fi tsanani daga Nuwamba zuwa Maris. Kaza ta yi tsuru, ta saki fiffike, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani. Kafso da barkono da ake jiƙa wa kaji ba sa kashe ta.

Rigakafi ne kawai. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin sa. Akwai wani iri mai suna I-2 wanda ya fi jure zafi, don haka ya dace da ƙauye. Ɗigo 1 ake sawa a ido, ga babba da tsako, a maimaita bayan kowane wata 4. Yana ɗaukar kamar mako 2 kafin ya kama jiki, saboda haka a yi shi a Oktoba, kafin sanyi ya sauko. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta da ruwa ba ta daɗewa. Gara matan unguwa su haɗa kuɗi, su sa rana, a yi wa kajin kowa. Ku tambayi ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko malamin gona na KARDA.

Sau da yawa cutar daga kasuwa take zuwa. Idan annoba ta faɗa wa wani ƙauye, mutane sukan yi gaggawar kai kajinsu kasuwa. Kazar da kuka gani da araha ƙwarai cikin hunturu, ku yi hattara da ita. Kowace kaza sabuwa, saye ko kyauta, a ware ta mako 2 kafin ta haɗu da na gida. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefar a bola. Idan kuma kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da likitan dabbobi nan da nan, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara shigowa Nijeriya a 2006, tana kama da wannan cuta, kuma tana iya kama mutum.