Daga Wuya Zuwa Jini: Abubuwan Mamaki Game da Aidin da Ciwon Suga

Duk aidin ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce miligiram 15 zuwa 20 ba, kuma mafi yawansa na tattare ne a wata 'yar tsoka da ke gaban maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tairod. In ta rasa shi sai ta kumbura. Maƙoƙo ke nan.

To ina ruwan suga da wuya? Sinadarin da tsokar nan ke fitarwa shi ke saita saurin aikin jiki. Idan ya yi yawa, hanji zai riƙa zuƙe suga da gaggawa, hanta ta ƙaro nata, insulin kuma ya ƙare da wuri, sai suga ya haye. Idan ya yi kaɗan, insulin kan daɗe a jini, har mai yin allurar insulin ya ji jiri don suga ya faɗi. Saboda haka mutumin Yalwawa ta Jigawa da ya bar lemo, ya rage tuwon shinkafa, yana shan magani, amma awo ya ƙi daidaita, ya kamata in ya je asibitin Rasheed Shekoni ya roƙi a duba masa wuya. Masu ciwon suga irin na ƙuruciya sun fi kowa haɗa cututtukan biyu.

A Sin, wani bincike da aka yi a larduna 31 tsakanin 2015 da 2017 ya tarar cewa ƙarancin aidin da yawansa duka suna tafiya da rikicewar suga da kitsen jini. Tafiya tare dai aka gani, ba a ce wannan ne ya haifi wancan ba. Mai cewa ƙwayar aidin na warkar da ciwon suga, kasuwarsa yake ci.

Abin da babba ke buƙata a rana maikurogiram 150 ne, mai ciki 250. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, ita ce kuma ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cimma wannan buri. Sai dai gishirin da aka baje a faranti a kasuwar Shuwarin, rana da danshi na cinye aidin ɗinsa a hankali. Kantun gishirin Bilma kuwa na dabbobi ne. Kada kuma wannan ya zama hujjar cika wa miya gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a rana, ga hawan jini abokin tafiyar suga.

Abin da zai ɓata wa Bajigawe rai: a Darfur an danganta yawan maƙoƙo da gero, domin yana ɗauke da sinadaran da ke hana tairod amfani da aidin. Matsalar ta fi tsanani inda aidin ya yi ƙaranci, don haka ba a ce a bar fura ba. Rogon da bai jiƙu ba ma haka yake.

Ɗiga aidin na wankin rauni a kan tuwo, nan take zai koma shuɗi-baƙi. Ɗiga a kan sukari, shiru. Sitaci yake ganewa, alhali shi ne ke zama suga a ciki.

Wani Bafaranshe, Bernard Courtois, shi ya gano aidin a 1811, a tokar ciyawar teku, yana haɗa kayan albarushi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon.

Mai shan maganin suga metformin da za a yi wa hoton ciki da allurar rini mai aidin ya faɗa wa likita tun kafin ya kwanta. In ƙoda na da rauni, akan dakatar da maganin awa 48.