Darasin Ahalari a Zamanin TikTok: Aikin da ke Gaban Islamiyyun Gwiwa

A Gwiwa, kamar a Roni da Kazaure da Babura, da zarar an idar da sallar La'asar sai ka ga samari da 'yan mata sun nufi Islamiyya da jakar littattafai. A aljihun wasunsu kuwa akwai waya, wadda ke ci gaba da karantar da su bayan an tashi daga makaranta, har tsakar dare.

Wannan karatu na biyu yana da tsada. Yarinya ta kwana tana kallon lefen wasu da kwalliyarsu a TikTok, ta wayi gari tana raina suturar da mahaifinta ya saya mata da kuɗin gero. Yaro ya sa hotonsa, aka yi masa ba'a a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, ya kasa barci, hadda ta gagare shi. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka ya yi gargaɗi cewa matashin da ke wuce awa uku kullum a kafafen sada zumunta, haɗarin kamuwarsa da ƙunci da fargaba yana ninkawa. A 2024 Ostireliya ta kafa dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a irin waɗannan kafafe.

Mu kuwa wani ɓangare na maganin yana cikin jakar yaran. Littafin Ahalari, kafin ya shiga babin tsarki, ya fara ne da kiyaye harshe da ido, da haramcin giba, annamimanci, hassada, riya da izgili. Suratul Hujurati ta hana ba'a da bin diddigin sirrin mutane. Abin da ya rage shi ne malami ya ambaci wayar da sunanta, ya nuna wa ɗalibi cewa yatsan da ke rubutu hukuncinsa hukuncin harshe ne, kuma ƙirga masu yabon hoto ƙofar riya ce.

Sai dai a yi hattara. Yaron da damuwa ta kama, idan aka ce masa imaninsa ne ya yi rauni, zai ƙara ɓoye ciwonsa. A zauna da shi a saurare shi tukuna. A ajiye wayoyin gida, har da na iyaye, bayan sallar Isha'i. In kuwa rashin barci da keɓewa daga mutane suka daɗe, a kai shi asibiti, domin neman magani koyarwar Manzon Allah (SAW) ce.

Allah Ya shirya mana zuri'a.