MAGANIN CIWON DAMUWA: BA A SAUKA DAGA TSANI DA TSALLE

Akwai wata cuta wadda ba ta fid da ƙurji, ba ta kumbura ƙafa, amma ta kan kwantar da magidanci ya kasa zuwa gona, ta hana uwargida jin daɗin ɗanta na goye. Ita ce a ke kira ciwon damuwa ko baƙin ciki mai tsanani, likitoci kuwa su ce depresiyon. A shekarar 2023 Hukumar Lahiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da ƙiyasin mutum miliyan 280 masu fama da ita. Cutar tana da magani, kuma ƙwayoyin da a ke bayarwa sun tada mutane da dama daga kwance. Sai dai akwai wani al'amari da ba a cika faɗa wa majiyyaci ba ranar da a ke rubuta masa takardar magani, shi ne yadda zai rabu da ƙwayar idan ya samu sauƙi. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe.

Dalilan bari kwatsam ba ɓoyayyu ba ne. Wani ya ji ƙarfin jikinsa ya dawo, ya ce ya warke. Wani kuɗi ne su ka ƙare, wani kuma ya je farmasi ya tarar babu maganin. Akwai wanda ke bari saboda azumi ya kama, akwai wanda dangi su ka tsare da cewa ƙwayar mahaukata ce ya ke sha, akwai mace da ta ga ta samu ciki ta ji tsoro. Ko mi ne ne dalilin, jiki ba ya tambaya: bayan kwana biyu zuwa huɗu sai ya fara nuna alamunsa.

Abin da ke samun mai bari kwatsam

Alamar da ta fi yawa ita ce jiri. Mutum ya tashi tsaye ya ji ƙasa na juyawa da shi. Sai tashin zuciya, da ciwon kai, da zufa, da ciwon gaɓoɓi kamar na mai mura. Barci ya kan ƙaurace, in kuma ya zo ya zo da mugayen mafarkai. Wasu su kan ji wani abu kamar jan wutar lantarki ya ratsa masu kai, musamman idan sun juya ido. Ga kuma abin da ke taɓa zuciya: hushi ba dalili, kuka ba dalili, fargaba, da kasa zama wuri guda.

Ga mutane da yawa abin ya kan lafa cikin mako guda ko biyu. Ga wasu kuwa ya kan ja watanni. Wanda bai san da wannan ba sai ya fassara shi yadda ya iya. Wani ya ɗauka masassarar cizon sauro ce, ya sayi maganinta. Wani ya ce iskoki ne ko sammu, a shiga yawon neman taimako har a sayar da akuya da hatsi. Wani kuma ya yanke ƙauna, ya ce ashe ba zai taɓa rayuwa ba tare da ƙwaya ba. Dukansu sun yi kuskuren fahimta, domin abin da ke faruwa a jikinsu yana da suna, yana da dalili, kuma yana da mafita.

Ina dalili?

A cikin ƙwaƙwalwa jijiyoyi na aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu shi ne serotonin. Akasarin magungunan damuwa suna hana jijiya ta sake tsotse sinadarin nan da wuri. Idan an yi watanni ana shan magani, ƙwaƙwalwa ta kan gyara aikinta ta daidaita da shi. Misalinta kamar jaki ne da a ka ɗora wa mangala, kaya na dama sun yi daidai da na hagu. In an sauke gefe guda gaba ɗaya, ɗayan ya rinjaya, kaya su zube. In kuwa ana rage nan kaɗan, ana rage can kaɗan, a kan sauke kayan lahiya.

Magungunan ba su zama ɗaya ba. Wanda ke barin jini da sauri shi ya fi ba da wahala. Paroksetin, mai sunan kasuwa Deroxat, rabinsa na fita daga jini cikin kamar yini da dare guda. Benlafaksin, wato Effexor, ya fi haka ma sauri. Fuluwoksetin kuwa, wato Prozac, ya kan yi makonni yana raguwa da kansa, saboda haka barinsa ya fi sauƙi, ko da ya ke alamunsa na iya makara kafin su fito. Amitiriptilin, wanda a ka fi sani da Laroxyl, tsohon magani ne da a ke rubutawa don damuwa da kuma ciwon jijiyoyi, shi ma barinsa kwatsam ya kan jawo tashin zuciya, ciwon ciki, zufa da rashin barci.

Wannan ba jaraba ba ce irin ta mai shan tramol. Mai jaraba yana kwaɗayin ƙwaya, yana ƙara yawanta don ya ji ya yi sama, yana iya sata don ya same ta. Mai shan maganin damuwa ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan. Jikinsa ne kurum ya saba, kuma babu abin kunya a ciki.

Abin da bincike ya nuna

Tun 1959 likitoci su ka ba da labarin masu wahala bayan barin imipramin, ɗaya daga magungunan farko. Duk da haka an yi shekaru ana koya wa likitoci cewa abin ba ya da ƙarfi, ba ya wuce mako guda. Sai a 2019, bayan koke-koken majiyyata sun yi yawa, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila da hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a can su ka gyara maganarsu, su ka amsa cewa ga wasu mutane alamun na da tsanani kuma suna daɗewa.

A kan yawan waɗanda abin ke samu, masana ba su haɗu a kan lissafi guda ba. Wani nazari na 2019 ya ce sun wuce rabi, kashi 56 cikin 100. A 2024 wasu likitoci na ƙasar Jamus sun tara bincike 79 da ya ƙunshi mutum fiye da 21,000. Sun samu kashi 31 cikin 100 na masu barin magani sun ji alamu, amma kashi 17 na waɗanda su ka bar ƙwayar da babu magani a cikinta su ma sun ji. Su ka kammala cewa mutum guda cikin shida ko bakwai ne maganin kansa ke wahalarwa, guda cikin 35 kuma wahalarsa mai tsanani ce. Ko wane lissafi a ka ɗauka, mutanen na da yawa, kuma wanda ya daɗe yana sha shi ya fi zama cikin haɗari.

Ciwon ne ya dawo, ko kewar magani ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin amsarta ce ke sa a ci gaba da ragewa ko a koma kan magani. Akwai alamu uku da ke rarrabewa. Na farko, lokaci: kewar magani na zuwa cikin ƴan kwanaki bayan an bari ko an rage, dawowar ciwo kuwa a hankali ta ke sanɗowa, cikin makonni ko watanni. Na biyu, irin abin da a ke ji: jiri, da jan wuta a kai, da tashin zuciya baƙi ne waɗanda mutum bai sani ba a ciwonsa na fari. Na uku, idan an koma kan adadin da a ke sha a da, kewar magani ta kan lafa cikin kwanaki kaɗan, shi kuwa ciwon damuwa sai ya ɗauki makonni.

Ba a ce kowa ya bar magani ba. Ciwon na dawowa da gaske. A wani gwaji da a ka bayyana a Ingila a 2021, an raba mutum 478 da su ka daɗe kan magani gida biyu. Cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda su ka bari, da kashi 39 na waɗanda su ka ci gaba. Ke nan magani na kare wasu, amma kuma kusan rabin masu bari sun zauna lahiya. A shekarar 2016 littafin jagora na OMS, na shirin mhGAP, ya ce a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan samun sauƙi. Wanda ciwon ya taɓa kama shi sau biyu ko uku yana iya buƙatar fiye da haka. Shawarar bari ta mutum biyu ce: majiyyaci da likitansa.

Yadda a ke sauka

Sannu ba ta hana zuwa. Jagoran OMS ya ce ragewa kada ta kasa mako huɗu. Wanda ya shekara biyu ko uku yana sha kuwa, saukarsa na iya ɗaukar watanni. Likitocin Ingila na ba da shawarar a rage kashi ɗaya cikin huɗu ko rabi, a dakata mako biyu zuwa huɗu a ga yadda jiki ya karɓa, sannan a sake ragewa. Wanda ya taɓa wahala, a rage masa kashi 5 ko 10 cikin 100 kurum a kowane mataki.

Akwai wata gaskiya da wasu masana biyu na London, Mark Horowitz da David Taylor, su ka bayyana a 2019: matakan ƙarshe su ne mafi tsawo. A maganin sitalopram, miligiram 20 na toshe kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren da ya ke aiki a ƙwaƙwalwa, amma miligiram 5 kurum na toshe kusan kashi 60. Wato sauka daga 20 zuwa 5 ƙaramin mataki ne, sauka daga 5 zuwa babu kuwa rami ne. Mai dafa shayi ya san haka: sukarin farko shi ke canza ɗanɗano, na biyar bai ƙara wani abin kirki ba. Saboda haka gwargwadon ƙanƙantar adadin da ya rage, gwargwadon ƙanƙantar abin da za a cire. Laroxyl na ruwa, wanda ɗigo guda ke daidai da miligiram guda, yana sauƙaƙa wannan aiki. Ba kowace ƙwaya ce a ke karyawa ko daka ta ba, sai an tambayi mai farmasi. Haka kuma shan yau a tsallake gobe ba dabara ba ce ga maganin da ke fita da sauri, domin girgiza jiki ya ke yi.

A zaɓi lokaci mai kwanciyar hankali. Ba a fara ragewa cikin makoki, ko tsakiyar aikin damina, ko ana shirin tafiya bida. Azumi ba dalilin bari ba ne: akasarin magungunan nan sau ɗaya a ke shan su a yini, likita na iya maida su bayan shan ruwa ko lokacin sahur. Mace mai ciki ta je awo ta faɗi abin da ta ke sha, kada ta yanke da kanta.

Kwanakin wahala

Idan alamu sun zo da sauƙi, a tsaya a kan adadin da a ke, kada a ƙara ragewa sai sun wuce. Idan sun yi tsanani, a koma wa likita, galibi ya kan maida mutum kan matakin baya, daga baya a sauko da ƙananan matakai. Wannan ba faɗuwa ba ce. In akwai zafin jiki, a yi gwajin masassara tukuna, kada a ɗora komai a kan magani.

Mai jiri kada ya hau babur, kada ya tsaya bakin rijiya, kada ya hau rumbu. Ya riƙa shan ruwa, ya ci abinci a kan lokaci, ya yi ƴar tafiya da sanyin safe ko maraice, ya rage shayi mai ƙarfi, da kafe, da goro da dare. Ya guji ƙwayoyin masu talla a kasuwa, musamman tramol, domin haɗa shi da maganin damuwa na iya jawo farfaɗiya. Wanda ya iya rubutu ya samu ɗan littafi, kullum ya rubuta kwanan wata, da adadin da ya sha, da abin da ya ji. Layi biyu sun isa. Littafin nan zai nuna wa likita abin da baki zai manta, ya kuma nuna wa mai shi cewa kwanakin sauƙi na ƙaruwa.

Iyali su san da zancen tun farko. Hushin da maigida ke yi cikin makon nan ba halinsa ba ne, kukan uwargida kuma ba neman fitina ba ne. Amma idan mutum ya fara zancen mutuwa ko kashe kansa, ko ya kasa zama ya kasa kwanciya dare da rana, ba a jira gobe: a kai shi asibiti, kada a bar shi shi kaɗai. A kuma ɓoye sauran ƙwayoyi, domin Laroxyl da yawa guba ne mai tsayar da zuciya, ga babba da yaro.

Nauyin da ke kan masu iko

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, akasarinsu kuma a Yamai su ke, inda babbar asibitin ƙasa ke da sashen da a ke kira Pavillon E. Mutumin ƙauyen Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, ma'aikacin likitar garinsu shi ne madogararsa. Wajibi ne a horar da ma'aikacin nan ya san yadda a ke sauke majiyyaci kamar yadda ya san yadda a ke ɗora shi, ya kuma yi masa bayani tun ranar farko. Wajibi ne kuma masu kula da rumbunan magani su lura cewa yankewar irin wannan magani ba kamar yankewar maganin tari ba ce, domin ita kaɗai na iya kwantar da mutumin da ya riga ya miƙe. Shi ma majiyyaci ya nemi na gaba tun yana da sauran na mako biyu a hannu. Wanda ya hau tsani da taimako, da taimako ya kamata ya sauko, taki bayan taki, har ƙafarsa ta taɓa ƙasa.